Ɗan sanda ya ce "tsaya": daga ina ikonsa ya fara, a ina ya ƙare? Muhawara kan dokar Amurka

Rabi'atu:
Assalamu alaikum malamai da yayye. Muna darasin tsarewa da caje a dokar laifuka ta Amurka, kuma akwai hukuncin da zuciyata ta ƙi karɓa, na Hodari D. na 1991. A Oakland ta jihar Kalifoniya, 'yan sanda biyu cikin motar da ba ta da alama suka shawo kwana, suka tarar da samari sun taru jikin wata mota. Samarin na ganinsu suka watse. Ɗan sanda ɗaya ya bi Hodari da ƙafa, ya zagaya ya ɓullo masa ta gaba. Da yaron ya ga an kusa cim masa sai ya yar da wani ɗan dunƙulen abu, sannan aka kayar da shi. Abin da ya yar hodar ibilis ce. Jihar da bakinta ta amsa cewa lokacin da aka fara bin sa babu wani zargi mai tushe a kansa. Duk da haka Kotun Ƙoli ta karɓi hodar a matsayin hujja, wai sa'ad da ya yar da ita ba a tsare shi ba tukuna. Mutum ɗan sanda na bin sa a guje, a ce ba a taɓa 'yancinsa ba?

Barista Lawal:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki kai ga Hodari, raba haɗuwar mutum da ɗan sanda gida uku. Ta farko, ya matso ya yi maka magana, kai kuma kana da damar yin gaba abinka. Wannan ba ya buƙatar dalilin komai. Ta biyu, ya tsayar da kai na ɗan lokaci don ya bincika, nan sai yana da zargi mai tushe. Ta uku kamu ne sosai, a sa ka a mota a tafi da kai, shi kuma sai da ƙwaƙƙwaran dalili, irin wanda alƙali zai iya ba da waranti a kansa. Gyara na Huɗu na tsarin mulkinsu, wanda ya fara aiki a 1791, caje da tsarewa marasa dalili ya hana. In ba a tsare ka ba, ba ka da abin da za ka riƙe ka yi ƙorafi.

Mai shari'a Scalia ya ce tsarewa tana tabbata ta ɗayan biyu: ko hannu ya taɓa ka, ko a nuna maka iko ka miƙa wuya. Hodari an nuna masa iko bai miƙa ba, hannu kuma bai kai gare shi ba sai bayan ya yar da kayan. A idon kotu, abu ne da mai shi ya yasar a titi.

Rabi'atu:
Na gode Barista. Amma ai ke nan ɗan sanda zai iya korar mutum ba gaira ba dalili, in tsoro ya sa ya yar da wani abu, dalilin ya samu daga baya.

Barista Lawal:
Kusan abin da Mai shari'a Stevens ya rubuta ke nan da ya saɓa wa sauran, shi da Marshall. Bakwai da biyu aka tashi. Ki haɗa da shari'ar Torres ta 2021 ki ga ɗaya gefen. A Albuquerque a 2014, 'yan sanda suka tunkari wata mata a motarta, ita ta ce ta ɗauka masu ƙwacen mota ne, ta taka wuta. Suka yi harbi 13, biyu suka same ta a baya, amma ta tsere har ta kai wani asibiti mai nisan mil 75. Kotu ta ce harsashin da ya same ta tsarewa ne a daidai wannan lokacin, ko da bai tsayar da ita ba. Umarni sai an bi shi yake zama tsarewa, ƙarfi kuwa da ya taɓa jiki da niyyar tsayarwa ya isa.

Baba Sufeto:
'Yata, bari tsoho ya sa baki, ni na yi aikin nan har na ajiye kaki. Ku masu karatu kuna samun labarin ne bayan ya huce, a takarda, da lambar shafi. Wanda ke bakin titi ƙiftawar ido gare shi. Ku koma ga shari'ar Terry, ita ce uwar duk waɗannan. Ranar 31 ga Oktoba 1963 a Cleveland, wani ɗan sandan farin kaya, Martin McFadden, mai shekara 39 a bakin aiki, ya hango mutum biyu a kusurwar titi. Ɗaya ya je ya leƙa tagar wani kanti, ya wuce kaɗan, ya dawo ya sake leƙawa, ya koma su yi ƙus-ƙus. Sai ɗayan ma ya yi haka. Kowanne ya yi sau biyar ko shida. Na uku ya zo suka yi magana ya wuce, can suka bi bayansa. McFadden ya tunkare su ya tambayi sunayensu, suka yi masa gunaguni, ya juya Terry, ɗaya daga cikin biyun farko, ya shafa bayan kwat ɗinsa, ya ji bindiga. Na biyun, Chilton, ma bindiga. Na ukun, Katz, ba komai.

Leƙa taga ba laifi ba ne, tsayuwa a kusurwa ba laifi ba ne. Amma wanda ya san aiki in ya haɗa su ya san fashi ake shiryawa. Ya jira sai sun shiga sun harbe mai kanti? A 1968 alƙalai takwas cikin tara suka ce ya yi daidai.

Hajiya Binta:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba na jin a zauren nan akwai mai ja da McFadden. Abin da ya sa hukuncin ya shiga rai shi ne mutumin ya iya zayyana abin da ya gani dalla-dalla: wa ya je, sau nawa, me ya leƙa. Alƙalin Alƙalai Warren, wanda ya rubuta hukuncin, a kan wannan ya tsaya, cewa sai ɗan sanda ya nuna abubuwa takamaimai da za a iya faɗa da baki, "raina ne ya ba ni" ba ya shiga. Kuma ya raba tsayarwa da lalube: don ka tsayar da mutum ba shi ya ba ka damar shafa jikinsa ba, sai kana da dalilin jin yana ɗauke da makami kuma yana da haɗari.

Damuwata ita ce abin da ya tsiro bayan nan. Terry maganar fashi da makami ce, rai na cikin haɗari. Cikin shekara ashirin ƙa'idar ta koma ta farautar ƙwaya a filin jirgi da tashar mota. A shari'ar Sokolow ta 1989, mutum ya sayi tikiti na dala 2,100 da takardun dala 20, ya tashi daga Honolulu zuwa Miami ya yi awa 48 kacal, bai ba da kaya a auna ba, yana ta rawar jiki. Kotu ta ce in an haɗa sun isa zargi. Mai shari'a Douglas, wanda shi kaɗai ya saɓa a Terry, tun ranar ya ce an ba ɗan sanda ikon da alƙali ma ba shi da shi, tunda alƙali ba ya ba da waranti sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Baba Sufeto:
To Hajiya, shi Sokolow ɗin da aka buɗe jakarsa ai ba littattafai aka samu ba.

Hajiya Binta:
Hodar ibilis aka samu, Baba, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ban da Torres, kowace shari'a da muka ambata an samu wani abu. Dole ne ma, domin hanyar da batun ya fi isa kotu ke nan: an kama mutum da bindiga ko ƙwaya, lauyansa ya nemi a yi watsi da hujjar saboda an same ta ta haramtacciyar hanya, ƙa'idar da shari'ar Mapp ta 1961 ta ɗora wa jihohi. Alƙali yana duba ko zargin yana da tushe alhali ga bindigar a kan teburinsa, kuma ya san in ya ce babu, mai laifi zai tafi gida. Ɗan Adam ne. Shi kuwa wanda aka tsayar, aka jingina shi da bango, aka lalube shi a gaban 'ya'yansa ba a sami komai ba, ba ya zuwa gaban kowa. Ya kaɗe rigarsa ya tafi. Saboda haka duk dokar nan an gina ta ne daga ranakun da zaton ɗan sanda ya ci, ranakun da ya faɗi ba su shiga kundin. Mu dai mun taso muna jin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Kabiru:
Wallahi Anti kin gama magana. Kuma wuri ɗaya da aka ƙirga waɗanda aka saki ɗin, kowa ya ga abin da ya fito. Shari'ar Floyd a New York, 2013. Daga Janairun 2004 zuwa Yunin 2012 an tsayar da mutane sau miliyan 4.4. Kashi 88 cikin 100 an sallame su ba kamu ba sammaci. Kusan rabi an lalube su, kuma a cikin lalubawar kashi 1.5 kawai aka sami makami. Kashi 52 baƙaƙen fata, 31 'yan asalin Latin Amurka, 10 farare. A 2011 kaɗai sau 685,724! Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kawai a soke Terry a huta.

Baba Sufeto:
Sannu Kabiru, jinin ƙuruciya. Ka lura da abu biyu. Na ɗaya, in aka tsayar da mutum aka sallame shi, ba shi ke nuna an yi kuskure ba. Amfanin tsayarwar ke nan, a warware shakka. Katz ma an lalube shi ba a sami komai ba, za ka ce McFadden ya zalunce shi? Na biyu, yaron da ya bar bindigarsa a gida don ya san za a iya shafa shi, a wane layi na lissafinka yake?

Barista Lawal:
Maganar Baba ta farko doka na bayansa. A shari'ar Arvizu ta 2002 kotu ta ce ba dole ne ɗan sanda ya kawar da yiwuwar cewa mutumin ba shi da laifi ba, kuma ba a warware dalilai ɗaya-ɗaya a ce wannan ba komai, wancan ba komai. Gaba ɗaya ake dubawa. Kotun ba ta taɓa sa lamba ta ce zargi sai ya kai kashi kaza ba. Don adalci kuma Kabiru, ka ƙara da cewa kotun ɗaukaka ƙara ta cire Mai shari'a Scheindlin, wadda ta yanke hukuncin Floyd, daga shari'ar a ƙarshen 2013, kuma ba a taɓa gwada hukuncinta a sama ba, domin sabon magajin gari de Blasio ya janye ɗaukaka ƙarar a 2014. Ita ma ba Terry ta soke ba, ba ta da wannan iko. Cewa ta yi yadda birnin ke aiwatar da ita ya saɓa wa tsarin mulki.

Hajiya Binta:
Na yarda sallama ba hujjar kuskure ba ce. Amma Baba, lalube sharaɗinsa jin cewa mutum na da makami. In ka ji haka sau 200 ka samu sau 3, ai jin naka ne ke da matsala. Kuma ku dubi yadda ake rubuta dalilin. Fom ne mai akwatuna, ɗan sanda ya sa alama kawai. Akwatunan da aka fi cikewa biyu ne: "motsin rashin gaskiya" da "unguwa mai yawan laifi". Ina wannan ina bayanin McFadden? Warren ya nemi a faɗi abin da aka gani, aka mayar da shi kalmomin da aka haddace don an san su kotu ke karɓa.

Maganar bindigar da aka bari a gida kuwa, an gwada. A 2017 tsayarwar ta sauko ƙasa da 12,000, kisan kai a birnin kuma ya sauko daga 515 a 2011 zuwa 292.

Baba Sufeto:
Laifi ba abu ɗaya ke hawar da shi ko saukar da shi ba, Hajiya, kin fi ni sani. Amma batun akwatuna na ba ki gaskiya. Duk aikin da aka ce sai ka kawo adadi, ya lalace. Yaro zai fita neman adadi ne, ba neman ɓarawo ba.

Rabi'atu:
Wannan "unguwa mai yawan laifi" ita ce ta shari'ar Wardlow ko? Na ga kamar akwai tufka da warwara. A shari'ar Brown ta 1979 kotu ta ce kasancewar mutum a lungun da ake sayar da ƙwaya a El Paso bai isa a tsayar da shi ba. A Royer ta 1983 ta ce kana da damar ƙin amsa wa ɗan sanda ka yi tafiyarka. Sai a 2000 ta ce Wardlow da ya ga jerin motocin 'yan sanda huɗu a Chicago ya ruga, gudun da unguwar sun isa. Abu biyu da kowanne shi kaɗai halal ne, an haɗa sun zama dalili. Ke nan in tafi a hankali an yarda, in ɗaga ƙafa na shiga uku?

Baba Sufeto:
Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, 'yata. Kuma a jakar Wardlow bindiga aka samu.

Barista Lawal:
Baba, Scalia ma irin taka ya yi a Hodari, ya jawo aya daga Baibul mai cewa mugu yakan gudu ba mai korarsa. Amma Wardlow biyar da huɗu aka tashi, kuma kotun ta ƙi yarda da roƙon jihar Illinois na a ce gudu shi kaɗai ya isa ko'ina. Stevens ya rubuta cewa a wasu unguwanni, musamman na tsiraru, marar laifi ma gudu yake yi, don ya ɗauka haɗuwa da ɗan sanda ita kanta haɗari ce. A 2016 babbar kotun jihar Massachusetts ta ɗauki wannan da gaske a shari'ar wani mai suna Warren. Ta ce tunda bincike ya nuna an fi tsayar da baƙaƙen maza a Boston, gudun baƙin mutum a can zai iya zama gudun wulaƙanci, don haka alƙali ya yi la'akari da hakan kafin ya ba gudun nauyi. Jiha tana iya ba mutanenta kariya fiye da ta tarayya, ƙasa da ita ce ba ta iyawa.

Kabiru:
Kuma wa ke yanke cewa unguwa mai yawan laifi ce? Shi ɗan sandan da ya yi kamun shi ke faɗa a kotu. Mazaunin can ke nan 'yancinsa bai kai na mai gida a unguwar masu kuɗi ba.

Alhaji Nura:
Salamu alaikum jama'a, ina biye da ku daga nan Amurka, tuƙi ne sana'ata. Duk maganarku ta masu tafiya a ƙasa ce. Mu da muke wuni a kan titi fa? Barista a taimaka.

Barista Lawal:
Alhaji barka da ƙoƙari. Ku naku ya fi sauƙi a wurin ɗan sanda. Ba zai tsayar da kai haka kawai don ya duba lasisi ba, shari'ar Prouse ta 1979 ta hana. Amma tun shari'ar Whren ta 1996, in ya ga ka karya dokar hanya komai ƙanƙantarta, tsayarwar ta halatta, ko da a ransa wani abu dabam yake nema. 'Yan sandan farin kaya ne masu farautar ƙwaya a Washington suka tsayar da mota don ta juya ba sigina, kuma alƙalai tara duka suka ce ba a duba abin da ke zuciyarsa. Wane direba ne zai yi minti goma ana bin sa bai taka layi ba? A 2014, shari'ar Heien, aka ƙara cewa ko ɗan sandan ne ya fahimci dokar a karkace, in kuskuren mai ma'ana ne, tsayarwar ta zauna. An tsayar da motar don fitilar birki ɗaya ta mutu, ashe dokar North Carolina ta lokacin ɗaya tak take buƙata. A 2020 kuma, shari'ar Glover, in ya duba lambar mota ya ga an soke lasisin mai ita, zai iya ɗauka shi ke tuƙi, sai in ya ga abin da ya nuna ba shi ba ne.

Abin da ke gefenka shi ne lokaci. Shari'ar Rodriguez ta 2015: a Nebraska an gama rubuta wa mutum takardar gargaɗi, aka riƙe shi minti bakwai ko takwas don kare ya shinshina motar. Kotu ta ce da aikin da ya sa aka tsayar da kai ya ƙare, ikon riƙe ka ya ƙare, sai in sabon zargi ya taso.

Hajiya Binta:
Barista ka ƙarasa masa labarin mana. Rodriguez ya ci a Kotun Ƙoli, aka mayar da shari'ar ƙasa, can aka ce ɗan sandan ya bi hukuncin da ke aiki a yankinsa a lokacin, don haka hujjar ta zauna, hukuncin da aka yanke masa ma ya zauna.

Alhaji Nura:
Tirƙashi. To in ya ce in buɗe but ya duba fa?

Barista Lawal:
In tambaya ce, kana da damar cewa ba ka yarda ba, cikin ladabi, hannuwanka a inda yake gani. Yawancin cajen mota da amincewar direba ake yin su, kuma doka ba ta tilasta masa ya gaya maka kana iya ƙi ba. In ya ce ka fito, ka fito, shari'ar Mimms ta 1977 ta ba shi wannan, an kuma faɗaɗa shi ga fasinja a 1997. In ka ga abin yana ja, ka tambaye shi: "An tsare ni ne, ko zan iya tafiya?" Amsarsa ce za ta nuna a wane gida cikin ukun kuke. Gardama kuwa ba a bakin titi ake yin ta ba, ka bar wa lauyanka.

Rabi'atu:
Wannan "zan iya tafiya" ma ai abin dubawa ne. Ma'aunin shari'ar Mendenhall na 1980 ya ce an tsare mutum in mai hankali a matsayinsa zai ji ba shi da damar tafiya. Amma a Drayton ta 2002 'yan sanda uku sun hau bas, ɗaya ya durƙusa a kujerar direba yana kallon fasinjoji, ɗaya a baya, ɗaya na bin kujeru yana tambaya, kotu ta ce ba a tsare kowa ba. Ni dai ban san wannan mai hankalin da zai miƙe ya ratsa su ya sauka ba.

Baba Sufeto:
Nan kam 'yata na yi dariya. Duk tsawon aikina ban ga wanda na ce "zo nan" ya ce mini yana sauri ba.

Hajiya Binta:
Madalla da Baba. Tunda ana faɗin gaskiya, ga wadda ta fi ci mini rai, Strieff ta 2016. A jihar Utah ɗan sanda ya ga mutum ya fito daga gidan da ake zargin ana sayar da ƙwaya, ya tsayar da shi, ya karɓi katin shaidarsa. Jihar ta amsa cewa babu zargi mai tushe. Da aka duba sunan a kwamfuta sai ga tsohon waranti na laifin hanya. Aka kama shi a kan warantin, aka caje shi, aka sami ƙwaya. Biyar da uku kotu ta ce warantin ya yanke alaƙa tsakanin haramtacciyar tsayarwar da hujjar. Mai shari'a Sotomayor, wadda ta saɓa, ta tuna musu rahoton Ma'aikatar Shari'a kan Ferguson, gari mai mutum 21,000 inda a lokacin 16,000 ke da waranti a kansu. A irin wannan gari, me zai hana ɗan sanda ya tsayar da duk wanda ya ga dama? Cikin huɗu uku za su biya.

Baba Sufeto:
Wannan ban goyi bayanta ba, ko da kaki a jikina. In babu abin da za ka rasa don ka karya ƙa'ida, ƙa'idar ta zama ado. Ni abin da zan so, a tilasta wa ɗan sanda ya faɗi dalilinsa kafin ya sa hannu, a naɗa. Dalilin da aka rubuta bayan an ga abin da ke aljihu kullum yana fitowa tsaf.

Barista Lawal:
Baba ka zo kan tsarin Ingila da Wales ke nan. Da suna da dokar 1824 da ke ba da damar kama mutum don kawai ana zargin yana shirin laifi. An soke ta a 1981, shekarar da tarzoma ta ɓarke a unguwar Brixton ta Landan. Dokar 1984 ta ce kafin caje sai ɗan sanda ya faɗi sunansa da ofishinsa, abin da yake nema, da dalilinsa, sannan a rubuta, kuma wanda aka caje yana da haƙƙin karɓar kwafi. Ƙa'idojin aikin sun hana gina zargi a kan launin fata ko shekaru ko tsohon laifi.

Hajiya Binta:
Sai kuma suka buɗe taga a 1994 da sashe na 60, wanda babban jami'i zai ayyana yanki na awa 24 a caje kowa ba tare da zargi ba. Amma aƙalla can wanda aka saki yana barin sawu a takarda, ana iya ƙirga shi. Floyd ma ba don fom ɗin nan mai akwatuna ba, da ba a sami abin kai wa kotu ba.

Kabiru:
To shi wanda aka wulaƙanta ba a sami komai ba a Amurka, ba zai iya kai ƙara da kansa ba?

Barista Lawal:
Zai iya, a ƙarƙashin sashe mai lamba 1983 na dokar tarayya, wadda ta samo asali tun 1871. Amma sai ya tsallake kariyar da kotuna suka ba jami'ai, wato ya nuna akwai hukunci bayyananne da ya riga ya haramta irin abin da aka yi masa. Sannan diyyar tsayuwar minti goma ba ta kai kuɗin lauya ba. Shi ya sa irin waɗannan ƙararraki sai an haɗa mutane da yawa, kamar yadda aka yi a Floyd.

Alhaji Nura:
Tambaya ta ƙarshe kafin in hau titi. In ina ƙasa ba a mota ba, ya ce in faɗi sunana, dole ne?

Barista Lawal:
Ya danganta da jihar da kake, Alhaji. Shari'ar Hiibel ta 2004, biyar da huɗu, ta ce jiha na iya yin dokar da ta wajabta faɗin suna ga wanda aka tsayar bisa zargi mai tushe, kamar yadda Nevada ta yi. Wasu jihohin suna da irinta, wasu babu. In kuma babu zargin tun farko, ko a Nevada ba za a hukunta ka don ka yi shiru ba, wannan Brown ta riga ta yanke shi. Ka duba dokar jihohin da kake ratsawa. A bayan sitiyari kam lasisi dole ne ko'ina. Allah ya tsare hanya.